Mai itacen unguwarmu ya san abin da yake sayarwa

Waina nake soyawa da safe, don haka itace a wurina ba abin wasa ba ne. Wanda nake saya a wurinsa a da ya taɓa haɗa mini ɗauri rabinsa ɗanyen darbejiya. Hayaƙi ya cika rumfa, ga ɗaci a maƙogwaro, masu jiran waina suna ta share hawaye. Daga ranar na sauya.

Dattijon da nake zuwa wurinsa yanzu, kowane ice da tulinsa. Ranar farko ya ɗauko faskare biyu ya ɗora mini a hannu.

"Hajiya, ji nauyin wannan. Kirya ce, dubi cikinta ja-ja mai duhu. Gawayinta maƙera ke nema."

Ɗayan kuwa marke ne, ɓawonsa toka-toka yana ɓarewa, cikinsa ɗorawa-ɗorawa. Ya buga su da juna suka yi ƙara ƙwal, ya ce haka busasshe yake, ɗanye sai dai ki ji dum. Ni da na shekara ina hura wuta ban san wannan ba!

Marken nake ɗauka yanzu, yana kamawa da wuri, garwashinsa ya riƙe tanda har na gama. Kirya sai ranar dahuwar wake.

Inda nake da ƙorafi: ɗaurinsa ya fi na maƙwabtansa ƙanƙanta, kuma ba ya ragi ko kin yi ta magiya. Da damina ma bai cika rufe itacen da leda ba, sai na shanya kafin na hura.