Gargaɗi: Ku yi hattara da masu sayar da "cikakkiyar waraka"

Jama'a, da ɗacin rai nake rubuta wannan, don a kan ƙanwata abin ya faru.

Tun da ta yi hatsarin mota barci ya ƙaurace mata. Ƙarar birki kaɗai za ta ji, jikinta ya ɗauki rawa. Da rana kuwa gajiya, ko wanka da ƙyar take yi. Ana haka ta ci karo da tallar wata cibiya a Facebook, wai suna gyara jiki da zuciya da ruhi gaba ɗaya cikin makonni uku. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ni na raka ta. Wani ɗan ƙarfe aka ba ta ta riƙe, an jona shi da kwamfuta, kafin minti biyu sai ga takardu suna fitowa: wai hanta ta gaji, ƙoda ta toshe. Ko ɗigon jini ba a ɗiba ba. Daga nan aka tsoma ƙafafunta a ruwan gishiri, aka jefa wata na'ura a ciki, ruwan ya rine ya yi jajir. Matar da ke aiki a wurin ta dafa kafaɗarta ta ce, "Baiwar Allah, kin ga dafin da kike yawo da shi?" Ƙanwata ta fashe da kuka. Alhali tsatsa ce. Wutar lantarki ke cin ƙarfen na'urar, ko ba ƙafa a ciki ruwan sai ya rine. Aikin tace jini na hanta ne da ƙoda, ba ya bi ta tafin ƙafa.

Sunan cutar da suka liƙa mata "gajiyar adirinal", wai 'yan halittun nan da ke saman ƙoda, masu fitar da sinadarin kotisol, sun gaji. Wani mai suna James Wilson ne ya ƙago sunan a 1998. A 2016 masana suka tattara bincike 58 suka duba, ba su sami hujjar cewa akwai wannan cuta ba. Akwai dai cutar Addison ta gaske, inda waɗannan 'yan halittun ke kasa fitar da isasshen kotisol, kuma da gwajin jini ake gano ta.

Kuɗin da suka ci bai ƙona min rai kamar wannan ba: sun ce ta ajiye maganin damuwar da likita ya ɗora ta a kai, ta koma kan ƙwayoyinsu, waɗanda ko rubutun abin da ke ciki babu a jikin kwalbar. Irin wannan magani ba a yanke shi rana ɗaya. Jiri ya kama ta, kuka ba dalili, dare ya zame mata azaba. Da ta kira su sai suka ce, "Alhamdulillahi, dafi ne yake fita, ki biya kuɗin mataki na biyu." Duk wanda ya ce maka ƙaruwar ciwo alamar sauƙi ce, sannan ya miƙo hannu, ka tashi ka bar wurin. Da na nemi a mayar mana da kuɗi, toshe lambata suka yi.

A asibiti gwaji ɗaya ya nuna tana da ƙarancin jini. Gajiyar da ta ƙi tafiya na iya zama wannan, ko ciwon suga, ko matsalar maƙoƙo, ko ciwon damuwa, kuma duk ana gano su. Firgicin bayan masifa ma yana da magani: tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zaman tattaunawa da ƙwararre irin CBT (koyon sauya tunani da ɗabi'a) da EMDR (tuno abin da ya faru ana motsa idanu gefe da gefe). Ban ce hutu da motsa jiki da addu'a ba su da amfani ba, suna da shi ƙwarai, amma likita na gari ba zai ce ka zaɓi ɗaya ka jefar da ɗaya ba.

Yanzu ta koma kan maganinta, tana ganin likitan ƙwaƙwalwa duk mako. Shafin nasu kuwa yana nan, sun dai sauya suna. Idan kuna da wani da ke cikin irin wannan hali, don Allah ku tura masa wannan kafin ya biya ko sisi.