Mai dafa wa majinyata abinci, yadda muka kwashe da ita

Sati uku Baba ya yi a gadon asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki, ga ciwon suga ga hawan jini, haɗiya ma da ƙyar. Abincin asibitin kuwa kullum shinkafa da miya, to wanda ko tauna ba ya iyawa me zai yi da ita? Wata nas ce ta haɗa mu da wata baiwar Allah mai dafa wa majinyata, ta WhatsApp ake oda mai adaidaita ya kawo.

Gaskiya ta iya. Sai da ta tambayi abin da likita ya hana kafin ta ɗora tukunya. Kunun acca da gyaɗa ba suga, ta tace shi sosai har yana bi ta robar da aka sa masa a hanci don ba shi abinci ba ya toshewa, da aka cire robar kuma ta koma faten wake da zogale markaɗaɗɗe da farfesun kifi an tsince ƙaya tas, Inna na ba shi a cokali. Gishiri ɗan mitsitsi, ni da na ɗanɗana sai da na yamutsa fuska, amma ai ba ni aka dafa wa ba.

Matsalarta lokaci. Ran Juma'a abincin rana sai wajen la'asar ya iso, alhali an riga an yi masa allurar insulin, sugansa ya faɗi yana ta gumi sai da nas ta kawo ɗauki. Ta ba da haƙuri, wai cunkoson masallaci ne. Kuɗinta ma da ɗan zafi, kuma kular da take zubo abincin dole ka wanke ka mayar mata a ranar.