Casio fx-991EX wajen fasa manyan lambobi: inda take ƙoƙari da inda take cijewa

Wannan kalkuleta tana da maɓallin FACT, wanda ke fasa lamba zuwa ƙwayoyinta na firam, wato lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. Yadda ake yi: ka rubuta lambar, ka danna =, sai SHIFT da maɓallin digiri da minti, wanda aka rubuta FACT a samansa. Sharaɗin shi ne lambar ta zama cikakkiya, kada ta wuce alƙaluma 10.

A kan lambobi masu ƙananan ƙwayoyi aikinta tsaf ne. Ba ta 720720, nan take za ta fito da 2⁴×3²×5×7×11×13. Daga nan sauran bayanan a hannunka suke. Ƙara 1 a kan kowace ƙaramar lambar sama (ƙwayar da ba ta da ita, ka ɗauka 1 ce a samanta), ka ninka: 5×3×2×2×2×2, lambobi 240 ke nan da ke raba ta ba saura. Jimillarsu 3249792; ka cire ita kanta 720720, saura 2529072, wanda ya zarce ta nesa, don haka tana cikin lambobi masu yalwa. Haka 33550336 za ta fito 2¹²×8191, ita ce kammalalliyar lamba ta biyar bayan 6, 28, 496 da 8128, wato lambar da jimillar masu raba ta, ban da ita kanta, ta yi daidai da ita.

Matsalar tana wajen baka biyu, wato alamar ( ), kuma nan ne ɗalibai ke faɗawa rami. Idan ɗaya daga cikin ƙwayoyin ta kai 1018081, ko kuma biyu daga cikinsu sun wuce alƙaluma uku, na'urar kan sa abin da ya gagare ta cikin baka ta yi shiru. Adadin 1018081 ɗin 1009 sau 1009 ne. Firam mafi girma mai alƙaluma uku ita ce 997, mai bi mata 1009. Saurar da ta gaza 1018081 bayan an gwada dukkan ƙananan dole firam ce, wadda ta kai haka kuwa babu tabbas.

Gwada 2147483647, wadda masanin lissafi Euler ya tabbatar firam ce a 1772: za ta fito cikin baka. Gwada 1022117: ita ma cikin baka, alhali 1009×1013 ce. Alama iri ɗaya, amsa daban-daban. Malamai su ja kunnen yara a kan wannan, domin da yawa suna ɗauka duk abin da ke cikin baka firam ne. Ga 4294967297 kuma, za ta cire 641 ta bar 6700417 a baka. Don tabbatar ko 6700417 firam ce, sai ka ɗauki tushenta, wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da ita, wajen 2588, ka bi firam daga 1009 zuwa nan da hannu ko da kwamfuta.

Abin da ya haura alƙaluma 10, kamar 2⁴⁰, takan taƙaita shi zuwa 1.099511628×10¹², alƙaluman ƙarshe sun ɓace, FACT ba zai yi aiki ba.

Jabu sun yi yawa a kasuwa. Kafin ka biya a shagon littattafai, ka sa mai shago ya buɗe kwalin, ka gwada 720720 da 1022117 a gabansa, ka duba SHIFT da OPTN na fito da hoton QR. Ga ɗan sakandare da ɗan aji ɗaya a jami'a ta wadatar. Mai binciken lambobi masu alƙaluma 12 zuwa sama ya nemi manhajar kwamfuta irin PARI/GP, kyauta ce.