Kekena na farko na hawan duwatsu, bayan wata 14 ina hawansa

Kekuna biyu ne suka rage a gabana ranar da zan yanke shawara, kuma kuɗinsu kusan ɗaya. Na farkon ya fi ɗaukar ido: shokazoba gaba da baya, giya 21, fenti sai walƙiya yake yi. Na biyun ba shi da wani ado. Shokazoba a gaba kawai, bayansa a sandare, irin wanda masu harkar ke kira hadtel, giyarsa kuma 10. Zuciyata ta fi kwantawa da na farkon, amma na biyun na saya. Yau wata 14 ke nan ina hawansa sau biyu ko uku a mako, kan tsakuwa da saiwoyi da gangare, da laka idan an yi ruwa. Ba zan faɗi sunan kamfanin da ya ƙera shi ba, don akwai abubuwan da zan kushe, kuma abin da zan faɗa ya shafi yawancin kekunan da ke wannan aji.

Abin da ya fara sauya min ra'ayi shi ne ɗaga su da na yi. Mai shokazoba biyun ya yi nauyi ƙwarai, nawa kuwa kilo 14 da ɗan wani abu ne. Da na dafa sirdin wancan na danna, sai bayan ya lotsa ya dawo da ƙarfi kamar katifar sifirin, babu abin da ke rage masa gudun dawowa. Da na riƙe tayar baya na girgiza ta gefe da gefe, sai na ji mahaɗan suna motsi, alhali keken sabo ne fil. Lissafin a fili yake. Idan kamfani zai ba ka shokazobar baya da mahaɗai da boris ɗinsu a kuɗin da wani ke sayar da keke mara su, to dole ya rage a wani wuri, kuma inda ake ragewa shi ne birki da giya da ƙafafu, wato abubuwan da rayuwarka ta rataya a kansu a gangare. Keke mai shokazoba biyu na gaske abu ne mai kyau, sai dai kuɗina bai kai wurin ba. Abin da ya kai shi ne kwaikwayonsa.

Batun giya ne ya fi ba ni wahalar fahimta, domin kowa ya san 21 ya fi 10. Ashe wannan 21 ɗin faranti 3 ne a gaba, 7 a baya, aka ninka. Da yawansu maimaici ne, wasu kuma sai sarƙa ta karkace sosai kafin ka same su, don haka ba a son amfani da su. Nawa faranti ɗaya ne a gaba mai haƙori 30, a baya kuma 10, daga mai haƙori 11 zuwa mai 46. Idan na sa mafi sauƙi, duk zagaye ɗaya na feda taya ba ta cika kashi biyu cikin uku na zagaye ba, kuma da shi nake hawa tudun da a da sai dai in sauka in tura. Wannan tsari na faranti ɗaya kamfanin SRAM ne ya yaɗa shi tun daga 2012, a kekuna masu tsada, kafin ya gangaro zuwa na masu ƙaramin ƙarfi. Amfaninsa ga sabon shiga babba ne: hannu ɗaya ke canja giya, hankalinka na kan hanya.

Mai canja giyar bayan nawa Shimano Deore ne. Kamfanin yana da matakai, daga Tourney a ƙasa, sai Altus, Acera, Alivio, sannan Deore, SLX, XT, har XTR na 'yan tsere. A ganina Deore ne matakin da mai ƙaramin kuɗi ya kamata ya yi ƙoƙarin kaiwa, saboda wani ɗan makulli da ke jikinsa mai riƙe sarƙa ta zauna a ɗaure. A wata 14 sarƙata sau ɗaya ta faɗi. Inda tsarin ya gaza shi ne kan kwalta: da na kai wajen kilomita 34 a awa, ƙafata sai ta riƙa juyawa a banza, babu sauran giya. Wanda rabin tafiyarsa a titi take, ya san da wannan.

Akwai wani abu a tayar baya da ban san da shi ba sai da mai gyaran keke ya nuna min, kuma ina ganin ya fi yawan giya muhimmanci. Kekuna masu giya 7 a baya da yawansu firiwil ne da su, wato dunƙulen farantan baya da ake murɗawa a jikin cibiyar taya. A wannan tsari boris ɗin gefen sarƙa yana can ciki, nesa da inda sandar tsakiya ta zauna a jikin firam, don haka duk dirar da ka yi, sandar tana lanƙwasuwa kaɗan kaɗan har wata rana ta karye. Tsarin kaset kuwa, wanda ake zura farantan a kan wani bututu, ya fi tallafe sandar. Ya ɗauko wata karyayyar sanda daga akwatin tarkacensa ya ɗora min a tafin hannu, ta rabu daidai wurin da ya ce. Tun daga ranar, tambayar farko da nake yi game da kowane keke ita ce firiwil ne ko kaset.

Birki shi ne abin da na fi yabawa a keken nan. Na faifai ne, mai aiki da mai maimakon waya, faifan gaba milimita 180, na baya 160. Da yatsa ɗaya nake kama shi, sauran huɗun suna riƙe da kan keken. Ban gane darajar haka ba sai a wani dogon gangare mai cike da duwatsu, inda na kwashe mintuna ina dannawa ina saki. Abokin tafiyata mai birkin waya ya iso ƙasa yana yarfa hannu, yatsunsa sun ƙage, ni kuwa ko a jikina. Tun asali ma birki ne matsalar wannan wasa. Waɗanda suka fara shi a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, irin su Gary Fisher da Joe Breeze da Charlie Kelly, tsofaffin kekuna masu birkin feda suke gangarowa da su. Tseren da suka fara a 1976 sunansa Repack, saboda zafin birki yana ƙone giris ɗin cibiyar taya, sai an sake cusa wani bayan gangarowa. Abin da ke hannuna yau, duk da arharsa, ya fi abin da suke da shi nesa ba kusa ba.

Sau ɗaya birkin ya ba ni matsala, kuma daga gare ni ne. Na fesa wa sarƙa mai, ya fantsama kan faifan baya. Washegari birkin ya riƙa kuka, kamunsa ya ragu sosai. Na wanke faifan ya dawo daidai, amma takalman birkin sun riga sun sha mai, dole na sake sababbi. Yanzu ɗiga man nake yi a hankali, gaɓa bayan gaɓa, in goge ragowar da tsumma. A kula kuma da man da ke cikin birkin kansa: na Shimano man ma'adini ne, wasu kamfanonin kuma irin ruwan birkin mota suke amfani da shi, wanda ake kira DOT. Ba a haɗa su, don ɗaya yana lalata robobin ɗayan.

Sai inda aka rage min, wato shokazobar gaba. A rubuce tana lotsawa milimita 100, amma sifirin ne na ƙarfe a ciki, an yi shi don mai matsakaicin nauyi, ni kuma kilo 62 ne. Na ɗaura wani siririn zare a jikin sandarta don in ga iya inda take kaiwa, na dawo daga tafiyar awa biyu na tarar ko rabi ba ta wuce ba. Ƙananan duwatsu duk a wuyan hannuna suke ƙarewa. Ba ta da wurin saita gudun dawowa, don haka idan na ɗaga tayar gaba sai in ji ƙwas, ta buga sama. Bayan damina ɗaya tsatsa ta fara fitowa a sandunan. Wannan ya ɓata min rai, kuma har yau ina ganin da sun rage kuɗin fenti sun ƙara a nan, da ya fi. Shokazoba mai iska ita ce maganin, domin da ɗan famfo kake saita ta daidai nauyinka, ta lotsa kamar kashi 20 cikin 100 idan ka hau. Abin da ya kwantar min da hankali shi ne wuyan firam ɗin mai faɗi ne a ƙasa, inci ɗaya da rabi, siriri a sama, kuma irinsa ne yawancin shokazoba masu kyau ke shiga. Wanda wuyansa ke miƙe sama da ƙasa, zaɓinsa kaɗan ne idan ya tashi canjawa.

Fedar da ya zo da ita ta roba ce mai santsi, a mako na biyu na cire ta bayan ƙafata ta zame a laka. Sirdin ba laifi. Tayar baya da ɗan maɗaurin hannu ake kama ta, faɗin milimita 135, ba ƙatuwar sanda mai 148 da sababbin kekuna ke zuwa da ita ba. Ban ji wani bambanci a hawa ba, sai dai zai taƙaita min zaɓi ranar da zan sayi sababbin ƙafafu.

Girman firam kuwa, nan ne na fi ɓata lokaci, kuma ban yi da-na-sani ba. Tsayina ya faɗo tsakanin matsakaici da babba. An yi min tayin babban da ragi, don shi ya rage a ajiye. Na hau na zagaya, na ji hannuna ya miƙe har kafaɗa na ja, da na tsaya kuma sandar sama tana taɓa ni. Na haƙura na jira mako uku aka kawo matsakaicin. Giya da feda da taya duk ana canja su, firam ɗin da bai dace da jikinka ba kuwa sai dai ka sayar da keken. Ƙafafun inci 29 ne, suna haye rami da dutse cikin sauƙi fiye da masu 26 na da. Gajeren mutum zai iya fin jin daɗin 27.5, musamman a kwana masu matsi.

Gyaran da ya fi canja min keken bai ci ko sisi ba. An ba ni shi tayoyin sun sha iska kamar dutse, awo 45 a ma'aunin famfo, ina ta tsalle a kan tsakuwa ina zargin keken. Na riƙa ragewa kaɗan kaɗan har na tsaya a 24 gaba, 27 baya. Sai ka ce wani keken aka ba ni: taya ta kama ƙasa, kwana ta daina ba ni tsoro. Da na zarce na rage fiye da haka, na daki bakin wani dutse, tib ya matse tsakanin dutsen da gargare, ya fito da huda biyu a jere kamar saran maciji. A nan na san iyakata.

A wata na takwas na faɗi ta gefen dama a wani kwazazzabo. Ban ji ciwo ba, amma da na tashi giya ta rikice, sarƙa tana tsallake faranti tana ƙara. Na durƙusa ta baya na duba, sai na ga mai canja giyar ya karkata ciki, saura ƙiris ya shiga wayoyin taya. Hankalina ya tashi, na ɗauka firam ne ya lanƙwashe. Ashe wani ɗan ƙarfe ne mai laushi, bai fi tsawon ɗan yatsa ba, da ke tsakanin firam da mai canja giya. Da gangan ake yin sa da laushi don shi ya lanƙwashe a madadin masu tsadar. Noti biyu aka kwance aka sa sabo. Matsalar ita ce kusan kowane firam da irin nasa, sai da na yi kwana 12 ban hau keke ba ina jira a samo. Yanzu akwai ɗaya a jakata kullum, kuma ina ba duk mai sayen keke shawara ya nemi nasa tun ranar saye.

Wannan ne ma ya sa nake ganin kuskure ne mutum ya juye duk abin da ya tara a kan keken kansa. Na ware kamar kashi ɗaya cikin shida na kuɗina, kuma bai yi yawa ba: hular kwano, famfo mai ma'auni, tib na ajiya, kayan faci, man sarƙa, 'yan makullai masu kusurwa shida na milimita 4 da 5 da 6, da ɗan ƙarfen auna sarƙa. Wannan na ƙarshen ya cece ni asara. Sarƙa tana tsawo yayin da take cinyewa, idan ta kai kashi 0.75 cikin 100 a keke irin nawa sai a canja ta, in ba haka ba ta cinye haƙoran farantan baya, waɗanda suka ninka ta tsada. Na canja tawa a wata na goma sha ɗaya, farantan suna nan lafiya.

Na duba na hannu guda uku kafin in sayi sabo, kuma ban rufe wannan ƙofa ga kowa ba, don a nan ne ƙaramin kuɗi ke iya sayen babban keke. Ɗaya na ga siririn tsagu a bakin walda ƙarƙashin wuya, ɗaya sandunan shokazobarsa sun karce, na ukun kuma haƙoran farantansa sun yi tsini sun karkata. A lokacin ba ni da idon da zan ƙiyasta kuɗin gyara, shi ya sa na ja da baya. Da yau ne, na ukun zan saya in gyara.

Keken nan ya dace da mai son koyon hawa a hanyar daji da tudu da gangare matsakaici. Bayansa da ke sandare yana tilasta maka ka miƙe a kan feda, ka sassauta gwiwa, ka zaɓi inda taya za ta bi, kuma na koyi abubuwa da yawa ta haka. Mai niyyar manyan tsalle da gangaren tsere, wannan ba nasa ba ne, ya ci gaba da tari. Ni dai ina tara kuɗin shokazoba mai iska, kuma na auna bututun sirdina na tarar milimita 30.9 ne, wanda ke nufin zai karɓi sandar sirdin nan da ake saukewa da maɓalli a bakin gangare. Ita ce ta biyu a layi.