Kangal ko Kokeshiyan: wanne zai zauna lafiya da karnukan da ke gidanka?

Malam, na ga tambayarka. Ka ce kana da gona a bayan gari, da awaki da tumaki, da karnuka biyu na gida: karya wadda ta fara manyanta da namiji mai zafin farauta. Kana son ƙaro babban kare mai gadin garke, kana tsakanin Kangal da Kokeshiyan, kuma tsoronka kada babban ya hallaka ƙananan. Tsoron nan yana kan hanya, don na ga inda aka yi asarar.

Abin da ya haɗa su shi ne dukansu ba karnukan kora garke ba ne, ba kuma na farauta ba. An raine su ɗaruruwan shekaru don su kwana cikin garke su tare kyarkeci. Irin wannan kare duniya kashi biyu ce a wurinsa: nasa da baƙo. Karen da ya tashi da shi tun yana kwikwiyo, nasa ne, yana lissafa shi cikin garke kamar ɗan akuya. Karen maƙwabci da ya ƙetaro shinge kuwa, bai ga bambancinsa da kyarkeci ba.

Kangal daga lardin Sibas yake a tsakiyar Turkiyya, sunan wani gari ne ma can. Gashinsa gajere ne mai kauri, launin ƙasa, baki da kunnuwa baƙaƙe, bindi a naɗe. Namiji yakan kai kilo 50 zuwa 60 ko ya ɗan haura. A ƙasarsu ba shi kaɗai ake sakinsa ba, biyu ko uku ake haɗawa a garke ɗaya, har da sanya musu abin wuya mai ƙusoshi don kare maƙogwaro. Wannan ya sa ya saba aiki da 'yan'uwansa karnuka. Halinsa da na fi so shi ne yakan yi gargaɗi kafin ya kai hari: ya tsaya, ya yi haushi, ya shiga tsakanin abin da garken. Shi ya sa a Namibiya, tun 1994, wata cibiya mai ba da kariya ga cita, dabbar daji mai kama da damisa, take ba manoma irin waɗannan karnukan Turkiyya su tsare awaki daga gare ta, kuma suna jure zafi da fari na can.

Kokeshiyan kuwa daga duwatsun Kokeshiya yake, wajen Jojiya da Armeniya da Azarbaijan da kudancin Rasha. Ya fi Kangal jiki da gashi, namiji daga kilo 50 yake farawa, wasu har sun wuce 70. A zamanin Tarayyar Sobiyet an yi ta kiwonsa don gadin wurare, kuma wanda ake sayarwa a biranenmu yau yawanci daga irin na gadin gida ya fito, iyayensa ba su taɓa ganin tunkiya ba. Kishin wuri ya fi yawa a jikinsa, kuma ba ya doguwar magana. Ga gashin nan, a watan Afrilu sai ka ga kare kwance yana haki, harshe waje, kaska ta ɓoye cikin gashi. Karen da zafi ya dama ba ya da haƙurin wasan ƙaramin kare.

Saboda haka in ka ce in zaɓa maka, Kangal zan ce. Amma ka bincika sosai, don Turkiyya ta taƙaita fitar da shi, kuma da yawa daga abin da ake kira Kangal a kasuwa gauraye ne. Ka nemi ganin uwar da idonka, ka ga yadda take yi in wani kare ya gifta.

Sai dai akwai abin da ya fi nau'in kare muhimmanci, kuma a nan mutane suke yin sake. Kwikwiyon kowanne daga cikinsu lafiya lau yake da kowa. Karyarka za ta yi masa gurnani, ya kwanta ya nuna ciki, ka ce ai an gama. Ba a gama ba. Waɗannan karnuka ba sa cika hankali sai wajen shekara biyu, kuma tsakanin wata 18 da shekara biyun nan ne yake fara tambayar wane ne babba a gidan. Na taɓa tsayawa a wata gona ana zuba wa karnuka abinci a kwano ɗaya. Babban ya daina ci, jikinsa ya sandare, bindi ya miƙe sama, ya ɗora haɓarsa a kan kafaɗar ƙaramin, bai ko yi gurnani ba. Mai gonar yana ta hira bai lura ba. Kafin ya juyo an kama ƙaramin a wuya an jijjiga sau biyu. Ya rayu, amma da ɗinki da jinya mai tsawo. Shekara guda da rabi suna kwana tare kafin ranar.

Rigimar ta fi tashi tsakanin jinsi ɗaya, namiji da namiji, ko karya da karya, kuma faɗan mata ya fi wuyar sasantawa. Kai kuma kana da duka biyun, don haka ko wanne ka ɗauko zai yi karo da ɗaya. Ni da zan ɗauko namiji, in kai ƙaramin namijin wurin likitan dabbobi a fiɗiye shi, karyar kuma a killace ta duk lokacin barbara, don ranar ce maza ke rasa hankali.

Mai farautar nan naka shi ne ya fi damuna. In yana da halin bin 'yan awaki da gudu, ko da wasa ne, mai gadi zai ɗauke shi a matsayin maƙiyin garke, kuma zai hukunta shi da ƙarfin kilo 60. Mafi muni kuma, in kwikwiyon ya taso yana bin sa, zai koyi korar dabbobin da aka kawo shi ya tsare. Don haka kwikwiyo ya kwana kusa da garke tun yana wata biyu, ya san karnukan gida ta bayan waya da kuma ɗan lokaci kullum kana tsaye, amma kada a bar su su riƙa yawon daji tare.

Abinci kowa da kwanonsa, nesa da juna, a ɗauke kwanon in an gama. Ƙashi da mahaifar akuya in ta haihu, kada a bar su a fili. A yi wa dukansu allurar ciwon haukan kare da ta cutar gudawar kwikwiyoyi kafin su haɗu. Sannan ka gaya wa maƙwabtan gona tun yanzu, kafin kwikwiyon ya girma, cewa karensu ya daina shigowa ta ƙasan shingen.