Na shiga ramin kwal na Big Pit, ga yadda na same shi

Ni dai tun farko ban so zuwa ba. Abokina da muke haya gida ɗaya a Kadif, babban birnin yankin Wales na Birtaniya, shi ne ya matsa, wai ta yaya za a ce mutum ya shekara biyu a Wales bai leƙa ramin kwal ba, na ce masa to rami kuma me zan gani a ciki, rijiya ce ban taɓa gani ba? Ranar Asabar dai muka kama hanyar Blaenavon, wani ɗan gari a saman tudu, sanyi kamar me.

Wurin mahaƙa ce ta gaske ba wadda aka ƙera don 'yan kallo ba. An haƙi kwal a nan daga 1880 har 1980, sai a 1983 aka mayar da ita gidan tarihi. Kafin ka sauka sai sun karɓe waya, agogo mai batir, ashana, laita, duk abin da zai iya yin tartsatsi, don har gobe dokar mahaƙa ce ke aiki a wurin. Saboda haka kar wanda ya tambaye ni hoto, babu. Suka ɗora mana hular kwano mai fitila a goshi, suka ɗaura mana bel mai batir da wani gwangwani da za ka shaƙa in iska ta lalace, nauyinsu ya kai kilo 5, tun ban taka ko'ina ba ƙuguna ya fara ƙorafi. Aka cusa mu cikin keji muka yi ƙasa mita 90. Na karanta duk addu'ar da na iya.

Wanda ya zagaya da mu wani dattijo ne da ya yi aikin kwal da hannunsa, ga barkwanci, kuma wallahi shi ne rabin daɗin tafiyar. Na zata labarin diga da shebur za mu sha, ashe labarin iska ne. Kwal yana fitar da iskar gas da ake kira mitan, ba ta da wari ba ta da launi, in ta taru ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wurin, ƙyastu ɗaya ya isa. In kuma ta fashe, abin da ya fi kashe mutane ba wutar ba ce, gubar da ke biyo baya ce, irin dai wadda ke kashe iyali in an kwana da janareta a cikin gida. Dabarar mutanen zamanin da ita ce rami biyu, iska ta shiga ta ɗaya ta fita ta ɗaya. Kafin zuwan manyan fankoki wuta suke hurawa a gindin ramin fita, zafi ya tashi sama ya jawo sabuwar iska ta ɗaya ɓangaren. Ka ji fa, wuta a cikin ramin da gas ke yawo! Shi kansa rami biyun sai da aka yi asara ya zama dole, a 1862 a mahaƙar Hartley ta Ingila ƙarfen injin jan ruwa ya karye ya toshe rami ɗaya tilo da suke da shi, mutum 204 suka rasu.

Inda jikina ya yi sanyi shi ne wajen ƙofofi. A cikin hanyoyin ƙasan akwai ƙofofin katako masu nauyi, aikinsu su tare iska su tilasta mata zagayawa har can inda ake sara, in aka bar ɗaya a buɗe sai iskar ta yi yanke ta fice, gas ya taru a kan ma'aikata. To masu tsaron ƙofofin nan a da yara ne, ɗan shekara 5 ko 6, ya zauna awa 12 riƙe da igiya, in ya ji tahowar keken kwal ya ja ya buɗe, in ya wuce ya rufe. Dattijon ya ce kowa ya kashe fitilarsa. Kai jama'a. Na san duhun ɗauke wuta, na san duhun ƙauye a daren da ba farin wata, wannan daban ne, na kai tafin hannuna har ya taɓa hancina ban ga komai ba, sai ɗigar ruwa kawai kake ji. Ko minti ɗaya ba mu yi ba wata mata ta fara cewa a kunna. Ni kuwa ɗan yayata na tuna, shekararsa 6, ko bayi ba ya zuwa da dare sai an raka shi. Sai a 1842 doka ta hana mata da yara maza 'yan ƙasa da shekara 10 aiki a ƙarƙashin ƙasa.

An nuna mana fitilar Davy ta 1815, kamar fitilar ƙwai amma da ragar waya mai ƙananan ƙofofi kewaye da harshen wutar, ragar tana shanye zafi ta hana wutar kama gas ɗin waje, in akwai gas kuma sai ka ga shuɗi a saman harshen. Kanari ma sun yi aiki, guba ta fi saurin kama tsuntsu, in ya faɗo daga kan sandarsa kowa ya yi ta kansa, kuma har 1986 ana amfani da su a Birtaniya. Akwai bargar dawaki a can ƙasan, da sunan kowane doki a jikin garkensa.

Duk da fitilar da fankokin, a 1913 mahaƙar Senghenydd da ba ta da nisa da nan ta fashe, ma'aikata 439 suka mutu, tarar da aka ci manajan fam 24 ce. Da na ji haka sai Enugu ta faɗo min, inda a Nuwamban 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley don sun nemi haƙƙinsu.

A sama akwai gidan wankan ma'aikata na 1939, shi ma ya cancanci leƙawa, amma na yi masa kallon gaggawa don ƙafata ta jiƙe, laifina ne, takalmi mara kauri na sa. In za ka je ka sa takalmin kirki da rigar sanyi, zagayen ƙasan kusan minti 50 ne, yaron da bai kai mita ɗaya tsawo ba ba a sauka da shi. Dogaye kuma ku riƙa sunkuyawa, ni sau uku hular kwanona tana gaisawa da rufin.