Ƙafa 4 ko ƙafa 5? Zaɓen girma da kayan aiki kafin ka ƙera ƙaramar tirelar kwana

Wannan 'yar tirela da mota ke ja, mai siffar ɗigon hawaye, a Amurka ta yi tashe tun shekarun 1930. Bayan yaƙin duniya na biyu ta ƙara bazuwa, domin ragowar alminiyom na jiragen yaƙi ya yi arha. Tsarinta bai canza ba: gado a ciki, ɗan kicin a baya ƙarƙashin murfin da ake ɗagawa sama. Ba a miƙewa tsaye a ciki, wurin kwana ne kawai.

Kafin ka sayi ko da kusa ɗaya, ka auna katifar da za ka kwanta a kai. Ita ce za ta yanke maka faɗin tirelar, faɗin kuma shi zai yanke kuɗin sauran kaya.

Ƙafa 4 a faɗi da 8 a tsawo shi ne ma'aunin asali, kuma dalilinsa a fili yake: haka ake sayar da fallen filawud. Falle ɗaya bango, falle ɗaya daɓe, babu haɗi babu asara. Sai dai in ka cire kaurin bango biyu, abin da zai rage a ciki wajen inci 46 ne kawai. Mutum ɗaya zai sake, amma miji da mata sai dai a yi ta gugar kafaɗa har gari ya waye. Ƙafa 5 kuwa na kusan ɗaukar katifa mai faɗin inci 60, in an ɗan rage sosonta. Tsadarta ita ce daɓe da rufi sun wuce faɗin falle, dole a yi haɗi, kuma duk inda aka yi haɗi nan ruwa ke neman hanya. Ni dai in mutum biyu ne, gara mai ƙafa 5 a faɗi, 8 a tsawo. Mai tsawon ƙafa 10 ta fi kicin mai yalwa, amma ka duba nauyin da takardar motarka ta yarda a ja.

Bango iri biyu ne. Na farko filawud mai kaurin inci 3/4 zalla, a zana siffar, a yanke, a kafa. Aikin yini guda ne, amma falle ɗaya ya kai kilo 30, kuma da asuba za ka tarar da gumin numfashi ya jiƙa shi daga ciki. Na biyu firam na katako ne, a cusa soso mai tauri a tsakani, a rufe ciki da waje da siririn filawud. Ya fi cin lokaci, amma ya fi sauƙin nauyi, yana tare zafi da sanyi, ga wurin ɓoye wayoyin lantarki. Rufin kuwa babu zaɓi, siririn filawud mai inci 1/8 ne ke lanƙwasuwa ba tare da ya tsage ba.

Fatar waje ita ce inda kuɗi ke bambanta. Alminiyom mai kaurin inci 0.040 shi ne na gargajiya, yana da kyan gani, amma yana buɗewa da zafin rana, shi ya sa da yawa ba sa manne shi da gam gaba ɗaya, sai su riƙe shi da ƙarfen gefe. Zanen faibagilas da ake jiƙawa da ruwan efoksi, wani gam mai ƙarfi, na toshe ruwa sarai, sai dai gogewa da samfefa za ta gajiyar da kai. Mafi arha shi ne zanen kambas da ake mannawa da gam ɗin katako, a bi shi da fentin waje shafi uku ko huɗu. Ba ya sheƙi, amma in ya yage da buroshi ake gyara shi.

Ƙasan ƙarfen da ake ɗora jikin tirelar a kai, ko ka sayi haɗaɗɗe ko ka kai wa mai walda, abin lura shi ne mazaunin tayoyi. Tunda kicin da batir a baya suke, ana matsar da aksil, wato sandar da ke riƙe da tayoyi, baya da tsakiya, har nauyin da ke kan ƙugiyar mota ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na jimla. In ya gaza haka, tirelar za ta riƙa wutsil-wutsil a titi. Kada a walde mazaunin sifirin sai an loda tukunyar gas da jarkar ruwa an auna.